Faifai na Ƙarshe

Issifou ya zare faifai ya tura na gaba, ya jingina da kujera yana sauraron gurnanin kwamfutar. Ya san kukanta sarai: in ta yi shiru ta ƙoshi, sai a ba ta wani. Matarsa Hussainatu ce ta jera masa faya-fayan tun da safe, ta ɗaure su da roba kada su cakuɗe.

Shi dai bai so wannan aiki ba. Yau ya ce wuta ba ta da ƙarfi, gobe ya ce injin ya tsufa, har mai gidansa Alhaji Hamidou, mai manyan motocin da ke kwasar kaya daga tashar jirgin ruwan Lome zuwa Yamai, ya gaji da uzuri. Alhaji da kansa ya sayo sabon tsarin kwamfutar a Gana, ya tsallako da shi ta bakin iyakar Kodjoviakopé, kuma ya riga ya cika Zongo da labarin cewa kwamfutarsa za ta koma ta hotuna.

"Yau kam sai an gama," in ji Alhaji. "In abin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini. Ga Tchakoura nan zaune da diplôme ɗinsa."

Tchakoura ƙanen matar Alhaji ne. Tun da ya gama makaranta yake zagaya kujerar Issifou, kamar kaza da buhun gero. A kan wannan kujera kuwa Hussainatu da yaranta da tsohuwar Issifou suke ci.

Ba a banza ya daɗe a kanta ba. A tsohon tsari komai da rubutu ake yi, ka buga umarni kwamfuta ta bi, kuma umarnin duk suna cikin yatsunsa. Direbobi kan tsaya a ƙofa don kawai su ga mai baƙin tabarau yana bugawa fuskarsa na kallon rufi. Tabarau ɗin, in ji shi, saboda hasken allo ne.

A waje matan jam'iyya mai mulki suka fara gwajin waƙoƙin yabon shugaban ƙasa, ganga ta danne gurnanin injin. Issifou ya ce da Djamila, sakatariyar ofishin, ta rufe taga. Da kwamfutar ta yi ƙara ta tsaya, ya murza wuyansa a gajiye.

"Karanta mini abin da take so. Ke ce mai Turancin Gana."

Ta karanta, ya danna. Haka suka yi ta yi har la'asar ta kawo jiki, bayansa ya ƙage, shayinsa ya huce a kofi. Ya tura faifai na ƙarshe yana fata a ransa ya ƙi ci. Bai ƙi ba. Ya kashe injin ya kunna.

"Kai! Ku ga launi!" in ji Alhaji, har da tafi. "C'est joli, wallahi, abin ya yi kyau!"

Issifou ya buga umarnin da ya saba buɗe aiki da shi kullum. Kwamfutar ba ta ce uffan ba. Ya sake bugawa.

"Bar wannan, zamaninsa ya wuce," in ji Tchakoura. Ya ɗauko ɗan abin nan mai wutsiya da ake kira ɓera, ya tura shi ƙarƙashin tafin Issifou. "Yanzu kibiya ake kaiwa kan hoto a danna. Ko yaro zai iya."

"To buɗe mana hoton agogon can mu gani," in ji Alhaji.

Issifou ya tura ɓeran a hankali.

"Ka wuce shi," in ji Djamila ƙasa-ƙasa.

Ya dawo da shi.

"Hagu. A'a, sama. Issifou, ga shi ƙato a gabanka!"

Gangar waje na ta ratso taga. Gajiyar da ya daɗe yana dannewa ta sauko masa gaba ɗaya, har ya ji wani irin sauƙi a cikinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya saki ɓeran, ya cire tabarau ya ninke, ya juyo wajen da muryar Alhaji take.

"Patron, ka ba Tchakoura kujerar," ya ce. "Ni tun azumin bara waccan rabona da ganin ko da hasken rana."