Kwana Huɗu Ba Hayaƙi

Tun da hukuma ta kafa matatar iska a kan kowace katanga, hayaƙi da ƙamshin girki suka daina tsallakawa maƙwabta. Tabawa ta fi kowa murna, don warin daddawar maƙwabciyarta Inna Kande ya ishe ta.

Yau ta shiga aron rariya, ta tarar da tsohuwar a kwance. Murhu ya yi sanyi, har kaza ta yi ƙwai a toka.

"Inna, yaushe rabonki da girki?"

"Kwana huɗu, 'yar nan."

"Kika yi shiru? Jiya fa awaki na zuba wa sauran dambu!"

"A da ai hancinki ke gaya miki."

Tabawa ta fita, ta suri taɓarya, ta nufi matatar da ke kan katanga.