Keken da Fasto Ya Ba Ni

Motar baƙin na fita daga harabar coci, Fasto ya dafa kafaɗata.

"Ɗan'uwa, sauko haka nan. Za a mayar da keken guragun ɗakin ajiya."

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Shekara shida ina gyaran takalma a ƙofar nan, da hannunsa ya yi mini baftisma. Ɗazu, gaban baƙin masu ɗaukar hoto, ya ɗora ni kan keken yana hawaye.

"Jibi wasu baƙin za su zo," ya ce, bai dube ni ba.

Na sauko ƙasa. Katakon da nake jan jiki a kai kuwa, tun safe na kyautar wa wani gurgu, na ce masa Ubangiji ya tuna da ni.