Daƙiƙa Biyar da Direba Ya Tsallake

Malam Jibo, ɗauke yatsanka daga kan madannin nan tukuna. Tun ɗazu kake dukan kwamfuta don bidiyo yana tsayawa, sai ka ce jaki ne ya ƙi hanya. Ni da kake gani, a aji uku na yi sallama da boko, amma duk unguwar nan babu na'urar da ta taɓa kai bayana ƙasa, sai guda ɗaya tak. Gyara zama in ba ka misalinta.

Wani direban babbar mota ne ya shekara bakwai bai je ya gaida mahaifiyarsa ba, kullum sai in ya sauke wannan lodin. Yana can kudu ta kwanta ciwo, kafin ya iso an kai ta makwancinta. Ƙanwarsa da ta yi jinyarta ta riga ta koma gidan mijinta a Maraɗi, sai ta aiko masa cewa tsohuwa ta bar masa saƙo, ta ɗauke ta a waya kwana biyu kafin cikawarta, ta ɗora a intanet. Wayarsa irin mai tocilan nan ce, don haka ya koma gidansa ya kunna tsohuwar kwamfutarsa, da hantsi, ya turo ƙofa. Sai ga tsohuwa a kan tabarma, jingine da bango, ta ɗago ta dube shi. Ta kira sunansa, ta ce, "Ban..." Sai hoton ya daskare. Bakinta a buɗe, idanunta a kansa, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiyar goshinta. Shi kuwa direba ne, hannunsa ya saba da oda, in abu ya tsaya a gabansa dannawa yake. Ya danna maɓallin kibiyar da ke kallon dama. Tsohuwa ta zabura kamar an taɓa ta, ta ce, "...yafe maka..." Bai jira sauran ba, ya fizge wayar wuta. Ragowar "ba" ɗin shi ya ƙarasa wa kansa.

Washegari ya sake, jibi ya sake, ko kunnensa ne. A wuri ɗaya take tsayawa, ya danna, ta faɗi abin da ta faɗa. Ya ce ƙila injin ne. Ya rufe sauran shafukan da ke buɗe, ya canja layin data, ya rataya modem a taga, ya hure ƙura. Har ni ya kira, amma ya ƙi nuna mini bidiyon, don wa zai tara jama'a su ga uwarsa ta yi masa baki? Ƙanwar ma kunya ta hana shi tambayarta. Na bincike na'ura ciki da waje, lafiyarta lau, sabis ne kawai mai rarrafe. Da na ga yadda yake satar kallon allon, halin nawa na barkwanci ya motsa, na ce masa, "Maigida, wannan ba aikin sukundireba ba ne, baƙuwa ce ta tare a ciki, a yi mata turare." Na zaci zai yi dariya. Kallon da ya yi mini, har gobe ba na son tuna shi. Daga ranar ya lulluɓe kwamfutar da zane. Fankar cikinta in ta yi zafi sai ya ji kamar numfashin mara lafiya. Ya ajiye makullin mota, ya ce ba zai hau titi da bakin uwa a kansa ba. Abinci ya ƙi shiga. Da rana tsaka, ana hayaniyar masu talla a waje, shi yana zaune a tsakar gida yana jin ana kallonsa ta cikin zanen.

Ranar sadakar arba'in, bayan azahar, ya yaye zanen ya ce bari ya roƙe ta ido da ido. Ya kunna. Ta ce, "Ban..." ta daskare. Wannan karon bai kai hannu ga maɓallin ba. Ya miƙe ya fita ya bar ta da bakinta a buɗe, ya ɗauki buta ya tsuguna a gindin bango. Yana cikin wanke fuska, sai ga murya daga ɗakin da babu kowa, a hankali, irin yadda take magana in tana tsince shinkafa: "...taɓa riƙe ka a zuciyata ba, ɗana. Na san hanya ce ta riƙe ka. Na yafe maka, duniya da lahira." Butar ta kife, ruwa ya bi ƙasa, bai ma sani ba.

Ashe wannan maɓallin kibiyar, duk dannawa ɗaya daƙiƙa biyar yake tsallakewa. Zoben da ke goshinta ba komai yake cewa ba illa a dakata, magana na tafe. Tsohuwa ba ta taɓa yanke maganarta ba, yatsansa ne yake yanke ta kullum. Ta jira shi shekara bakwai, shi ya kasa jiranta daƙiƙa biyar, sai da ya jira kwana arba'in da wuta a ƙirji.

To, Malam Jibo, bar shi ya gama loda kansa. Hausawa sun riga mu faɗa: sauri ya haifi nawa.