Kwalayen Aro

Tunda an ɗora ka a kan asibitocin ƙauyuka, tsaya ka ji wannan kafin ka fara korar ma'aikata.

A wani ƙaramin asibiti an yi wata mata mai ba da magani, wadda jama'a suka kai ƙararta birni, wai ba ta da fara'a. Ba ƙarya suka yi ba, kullum fuskarta a murtuke take. Sai dai motar magani ba ta zuwa sai ran da ta ga dama, in ta zo kuma abin da ya yi wa siton birni yawa take kwasowa. Da damina, zazzaɓi na kwantar da yara, sai a sauke mata maganin tari; na zazzaɓin ba ya isowa sai rani, ya kusa lalacewa. Wadda ta yini tana ce wa iyaye mata babu, ina za ta samo murmushi? Manya suka zo suka shafe bango da fenti, suka ce ta saki fuska ko ta bar aikin. Da aka ce babban baƙo zai zo dubawa, sai aka aro kwalayen magani daga sito aka cika kantoci, aka ja mata kunne kada ta buɗe ko ɗaya, domin da baƙo ya juya za a mayar.

Ranar, ana cikin nuna wa baƙo fenti, wata uwa ta shigo da ɗa a goye, jikinsa zafi rau, idonsa ya fara juyewa. Matar nan ta san abin da zai biyo baya. Ta sa reza ta farke kwali a gaban kowa, ta ba yaron magani, ta leƙa waje ta kira sauran masu jira. "Abin da ya hau kantar nan na marasa lafiya ne," in ji ta. "Ku kore ni, amma ba za a yi ado da magani yaro na suma ba." Yaron ya tashi, ita kuwa aka kore ta. Ni dai har gobe ina bayanta, kowa ma ya ji haushi. Aka kawo wata mai fara'a kamar gonar auduga. Motar ba ta sake hali ba, kafin kaka ita ma an kai ƙararta. Yanzu ta uku ce a wurin, an kuwa fara gunaguni.

In gyara kake so, je ka tare motar nan. Abin da aka yi a ƙauyen can shi ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.