Dutsen Goge Kaushi

A wani gidan shayi da ke unguwar Rusholme, Muhsin ya ajiye wani baƙin dutse mara nauyi a gaban Ramlat. Jiya ya dawo daga Iceland, inda ya hau dutse mai aman wuta da ƙanƙara ta lulluɓe, har leɓɓansa sun tsattsage.

"Daga can ƙololuwa na ɗauko miki," ya ce. "Ina so in turo magabatana."

Ramlat ta jujjuya dutsen, sai dariya ta ƙwace mata.

"Ka kusa halaka kanka a kan dutsen goge kaushi? Akwai irinsa a banɗakin Hajiyarmu!"

Kunya ta kama shi, ya miƙa hannu zai ɗauke abinsa. Ta riga shi, ta jefa a jaka.

"Wa ya ce ka taɓa min? Abba yana gida wannan weekend ɗin."