Baba Leon a Jikin Dutse

Gatarin hawan dutse da ke hannunsa na dama ya sake zamewa, sai ga Baba Leon yana lilo a igiya kamar buhun dankali. Ƙayoyin ƙarfen da ke ɗaure a takalminsa sun tsarge masa sabon wando tun daga gwiwa har ƙauri.

"Baba, hawan dutsen ka zo yi ko sassaƙa shi?" in ji Solange, malamar da ke riƙe da igiyarsa daga ƙasa. "Ba sara ake yi ba. Maƙala bakin gatarin za ka yi a ɗan tsagi, ka ja ƙasa."

Ya san haka, shi ya sa abin ya fi ƙona masa rai. Babu sunan dabarar da bai sani ba, sau biyu ma shi ya ƙarasa wa Solange maganarta. Hannuwansa ne dai suka ƙi jin karatu.

Lokacin kaka ne, ƙanƙarar da ake hawa ba ta daskare a kwazazzabai ba tukuna, saboda haka masu koyo suke motsa jiki da gataransu a tsohon wurin fasa dutse da ke bayan wani ƙauye. Shi kuwa ya roƙa a ba shi ranar da babu kowa, kuma kada a ɗauki hoto. Ya zo tun daga birnin Lyon da baƙin tabarau, haɓarsa fara fat saboda sabon aski. Abu ɗaya ya gaya mata: ko ta halin ƙaƙa, sai ya iya kafin Asabar.

"Wata ka yi wa cika baki ko?" ta ce tana dariya. "A shekarunka, Baba!"

Ya sake kama dutsen. Damatsansa suka ɗauki zafi, yatsunsa suka sandare a ƙotar gatari, ƙafarsa ta shiga rawa kamar ta mai keken ɗinki. Ya kai wani wuri inda dutsen ya turo goshi, ya tsaya nan yana haki.

Solange ta ɗaga murya: "Yanzu ka yi dabarar Marius Tavel! Ɗaga cinyar hagu ka ɗora a kan hannun dama, ka saki jiki, ka miƙa ɗaya gatarin. Ya ce a littafinsa ko kakar mutum za ta iya!"

Littafin nan shi ne addinin Solange. Tun safe take jawo shi, Tavel ya ce kaza, Tavel ya hana kaza.

Baba Leon ya ɗaga cinya. Wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Gatarin ya fizge ya doki hular kwanonsa, ya kifa da kai ƙasa, tabarau ya tafi, yana ihun kiran uwarsa da ta rasu tuntuni.

Da ta sauko da shi, ta yanka masa cuku da burodi, ta tsiyaya masa kofi. Rabin kofin a rigarsa ya ƙare.

"Dabarar nan ƙarya ce," ya ce a hankali. "Mutum ba ya naɗuwa haka."

Fuskarta ta canza. "Kada ka ɗora wa littafi laifin tumbinka. Wuyan hannuna ya taɓa karyewa a kanta, ban zargi kowa ba sai kaina. Ka zo bikin ƙauye ranar Asabar. Tavel da kansa zai hau wannan wurin a gaban jama'a, da ƙyar magajin gari ya shawo kansa. Ka zauna a gaba ka ga yadda maza ke yi."

Ya dubi goshin dutsen, ya dubi wuyan hannunta.

Ya ɗingisa zuwa mota yana lissafin wace cuta ce ke kwantar da mutum kafin Asabar. Domin Leon sunan karensa ne. Shi ne Marius Tavel ɗin da kansa, kuma a kan kujera ya rubuta littafinsa, yana kallon hotunan wasu, a gidansa da ke hawa na biyu, inda ko can ma ba ya taka matakala, lif yake jira ya hau da shi.