Taya Biyu Na Hagu

Auta ya sauke rim biyu, ƙarafunan da ake ɗaura wa taya, daga bayan tasi, ya mirgino su har bakin shagon tayoyi. Da gangan ya zaɓi shagon da ke can ƙarshen gari, inda yake zaton babu wanda ya san fuskarsa. Gobe da safe za a sallamo Baba daga asibiti bayan wata biyar a kwance, kuma likita ya ja masa kunne cewa zuciyar tsohon ba za ta ɗauki wani tashin hankali ba. Gadonsa na gida kuwa a jikin taga yake, tagar da ke kallon jar motarsa.

Mai taya ya karɓi takardar da Auta ya rubuto lambobin tayoyin, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ɗago ya ƙare wa Auta kallo.

"Mota ɗaya na sani a garin nan mai cin wannan lambar. Jar nan mai ƙofa biyu, wadda take kamar ta kwanta a ƙasa. Kai ɗan Alhaji ne?"

Gudun da ya yi ya tashi a banza ke nan. Auta ya amsa a ciki-ciki. Nan take aka karkaɗe masa kujera, mutumin ya shiga ba da labarin yadda shekaru goma da suka wuce shi ya ɗaura wa motar tayoyinta da hannunsa, da yadda Alhaji ba ya tambayar farashi, sai dai ya tambayi wanne ya fi. Kafin Auta ya buɗe baki har an mirgino sababbi huɗu a cikin ledarsu, suna ƙamshin roba.

Ya tambaya ko akwai masu sauƙi. Aka kawo. Ya tambaya ko akwai na hannu. Mai taya ya kawo. Da ya ce guda biyu kawai yake so, wasu direbobi biyu da ke jiran a yi musu faci suka bar hirarsu suka juyo, shi kuwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Mai taya ya ce to, na gaba ko na baya? Domin a irin wannan mota na baya sun fi faɗi, kuma tare ake canza su. Auta ya ce ɗaya na gaba, ɗaya na baya, duka na hagu.

Mutumin ya yi masa bayani a hankali, irin wanda ake yi wa mai taurin kai. Ya ce ba a yi wa mota haka, za ta riƙa janyewa gefe ɗaya, in ya taka burki a kan gudu sai ta juya da shi. Ya nuna masa shekarar da aka buga a jikin roba, ya nuna harafin da ke faɗin iyakar gudun da taya za ta jure. Auta bai ko kalla ba. Ya tsugunna a gaban tulin da ke bayan shago yana shafa gefen tayoyin, yana neman wanda ba shi da ƙarzuwa kuma rubutunsa bai goge ba. Ya zaro biyu da zanensu ya cinye, amma gefensu sumul.

"Yallaɓai, waɗannan ba na hawa ba ne, na ɗaure rumfa ne. Araha ba ta ado. Ni ba zan sayar maka da ajalinka ba."

Ɗaya daga cikin direbobin ya ce wa ɗan'uwansa, ba tare da ya rage murya ba, wai a hau motar miliyoyi a kasa saya mata takalmi. Auta ya ji, ya haɗiye. Da zagi ne ma da ya fi masa sauƙi a kan kallon tausayin da mai taya yake masa.

Sai da ya rantse ba zai ɗauki iyalinsa a ciki ba, ba zai hau babban titi ba, sannan aka ɗaura tayoyin a rim. Bai taɓa yin rantsuwa mai sauƙi irin wannan ba. Aka ce ya kawo motar a daidaita mata ƙafafu kyauta, albarkacin Alhaji, ya ce ba za ta samu zuwa ba. Ya ƙara da kwalbar man goge taya, wadda ita ce kaɗai abin da ya saya bai yi ciniki ba.

Da la'asar ya ɗaura su shi kaɗai, ya sauke motar daga kan jak, ya wanke ta, ya goge robar har ta yi baƙi wuluk tana ƙyalli. Sau uku yana hawa ɗakin Baba yana leƙowa ta taga, yana saukowa yana gyarawa.

Washegari aka kwantar da tsohon. Kafin ya nemi ruwa ya sa hannu ya ɗage labule. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta washe a karon farko cikin watanni.

"Ka riƙe ta da kyau, Auta. Allah ya yi maka albarka. In na ji ƙarfi sai ka ɗan zaga da ni."

"In sha Allah, Baba."

Ya gyara masa matashi yana kauce wa idonsa, ya janyo gadon kaɗan zuwa daidai inda ya auna jiya. Daga nan ɓangaren hagu na motar kawai ake gani, domin na dama yana jingine da katanga a kan bulo, kuma a ramin da injin yake kafin Auta ya sayar da shi ya biya kuɗin aikin zuciyar Baba, kyanwar maƙwabta ce ke shayar da 'ya'yanta.